Darasin Lafiya: Abubuwa Shida da Ke Hana Mu Kai Ciwon Haƙori Asibiti

 Darasinmu na wannan fitowa a kan baki ne da haƙori. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta shi a bayyane ga maƙwabtansa, domin kowa ya amfana.

Wanda ya baro gidansa da gonarsa, abin da ke gabansa shi ne abinci da wurin kwana da ruwan sha. Haƙori kan zo a ƙarshen lissafi. Amma haƙori ɗaya idan ya tashi, yakan hana magidanci fita neman na cefane, ya hana uwa barci, ya hana yaro cin ɗan abincin da aka samo da ƙyar. Wani lokaci kumburinsa kan kai ga rasa rai. Mafi yawan wannan wahala jinkiri ne ke kawo ta. Don haka za mu duba abin da ke sa mu jinkiri, da abin da za mu yi a kai a nan Madekali da kewayenta.

Girman matsalar

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki da haƙori, wato kusan rabin mutanen duniya. A yankin Afirka sun kai kimanin miliyan 480. Likitocin haƙori kuwa a wannan yanki ba su kai ɗaya ba ga kowane mutum 10,000, kuma yawancinsu suna manyan birane. Saboda haka ne a 2021 babban taron hukumar ya amince a shigar da kula da baki cikin aikin ƙananan asibitoci na kusa da jama'a. Abin nufi, ba sai mutum ya jira ranar da zai ga likitan haƙori ba kafin a fara taimaka masa.

Yadda haƙori ke ruɓewa

Babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zaune cikin farin dattin nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Idan muka sha sukari su ma sun samu abinci. Sai su fitar da wani ruwa mai tsami da ke cin bayan haƙori a hankali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciwon yana tafiya ne mataki-mataki:

1. Ɗan tabo fari ko baƙi a jikin haƙori. Babu zafi. A wannan mataki goge baki da rage sukari na iya tsayar da shi.
2. Ƙaramin kogo. Abinci na maƙalewa, ruwan sanyi ko shayi na sa tsami. A nan ciko ya isa.
3. Kogon ya kai jijiya. Zafi mai zuga, musamman da dare.
4. Jijiyar ta mutu. Zafin ya ɗauke.
5. Mugunya ta taru a gindin saiwa. Dasashi da kumatu su kumbura, zazzaɓi ya zo.

Ku lura da mataki na huɗu, domin shi ne mai yaudara. Mutum yakan ce ya warke, ya yaba wa maganin da ya sa. Alhali jijiyar ce ta mutu, cutar kuma tana ci gaba da nutsawa cikin ƙashin muƙamuƙi. Haƙori mai kogo ba ya cike kansa da kansa.

Ina ake fara zuwa?

A Jamhuriyar Benin asibitoci hawa-hawa ne. Na farko shi ne cibiyar lafiya ta kusa da ku, inda ake samun ma'aikacin jinya da ungozoma. Na biyu shi ne asibitin yanki, wanda namu yake Malanbil, yana kula da Malanbil da Karimama. Sama da shi akwai babban asibitin Paraku, kimanin kilomita 300 daga Malanbil, sannan na ƙasa baki ɗaya a Kwatano, fiye da kilomita 700.

A fara da cibiyar lafiya. Babban ma'aikacin jinya, wanda ake ce wa manjo, zai duba bakin, ya ba da maganin zafi daidai da shekaru da nauyin mai ciwo, ya gane ko akwai mugunyar da ke bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta. Idan aikin ya fi ƙarfin wurin, shi zai faɗi inda ake samun mai aikin haƙori mafi kusa, ya rubuta takardar turawa. Wannan takarda tana rage yawo da ɓarnar kuɗin mota.

Abu na farko: raina ciwon

Da yawa cikinmu ba ma ɗaukar ciwon haƙori a matsayin ciwon asibiti. Sai mu ce ai ba ya kisa, a daure. Jinin da ke fita daga dasashi lokacin asuwaki ma mun mai da shi ba komai ba, har wasu na cewa mugun jini ne ke fita. Ba haka ba ne. Lafiyayyen dasashi ba ya jini. Jinin alama ce ta kumburi, kuma idan aka bar shi shekara da shekaru, ƙashin da ke riƙe da haƙora kan zaizaye, su fara girgiɗi, su zube ba tare da ko kogo ba. Masu ciwon sukari da masu shan taba sun fi shiga wannan haɗari.

Haka nan haƙoran yara. Ana cewa ai za su yi famfara, me za a gyara? Haƙoran yarinta guda 20 ne. Sukan fara fitowa wajen wata 6, su cika kafin shekara 3. Da su yaro ke tauna, da su yake koyon magana, kuma su ke riƙe wa na dindindin wuri. Sannan wajen shekara 6 akwai turmin haƙori da ke fitowa can baya, ba tare da wani ya faɗi ba. Iyaye kan ɗauka na yarinta ne, alhali yana cikin 32 na girma. In ya ruɓe ya tafi, babu wani da zai fito a madadinsa.

Abu na biyu: kuɗi

Wannan dalili ne na gaskiya, ba mu raina shi ba. Tun bayan shirin Bamako na 1987, wanda ministocin lafiya na Afirka suka amince da shi, ƙananan asibitoci a Benin da maƙwabtanta suna karɓar ɗan kuɗin ganin ma'aikaci da na magani, domin kada magani ya yanke a wurin. Ga wanda ya baro dukiyarsa, ko wannan ɗan kuɗin nauyi ne.

To amma a yi lissafi. Wanda ya yi wata biyu yana sayen ƙwayoyi a kasuwa, ya rasa kwanakin aiki a gonar shinkafa ko ta albasa, sannan daga ƙarshe aka ɗauke shi a mota fuska a kumbure, aka kwantar da shi, ya kashe ninkin abin da zai kashe da ya zo tun haƙorin yana tsami kawai. Ga abin da zai taimaka:

A tambayi kuɗin aiki kafin a fara, a kuma karɓi rasiti.
A nemi a rubuta magani na asibiti mai sauƙin kuɗi. Aikinsa ɗaya da mai tsada na cikin kwali mai ado.
Wanda ba shi da hali ya faɗa wa ma'aikatan da ke kula da masu gudun hijira, ko ofishin jin daɗin jama'a, tun kafin ciwon ya yi tsanani, ya tambayi irin taimakon da ake da shi. Matambayi ba ya ɓata.
Mata masu adashi na iya ware wani abu kaɗan don larurar asibiti.

Abu na uku: nisa da hanya

Kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa wani lokaci ya fi kuɗin maganin. Da damina, musamman a Agusta da Satumba idan gulbin Kwara ya cika ya yi ambaliya, wasu hanyoyin kan yanke. Waɗanda suka saba tsallakawa Gaya neman magani kuma, tun da aka rufe iyaka a 2023 abin ya yi musu wuya.

Dabara ita ce a haɗa tafiya. Ranar awon ciki, ko rigakafin yara, ko awon tamowa, uwa ta ce, "Don Allah a duba mini bakin yaron nan, a duba nawa ma." Minti biyu ya isa. Mai zuwa kasuwar Malanbil da takardar turawa a aljihu ya fara biyawa asibiti da safe. Wanda ya san yana da kogo kuma, ya nemi gyara tun da rani, kada ya jira ruwa ya tare hanya.

Abu na huɗu: tsoro da jita-jita

Ana cewa cire haƙorin sama na kashe ido. Ba gaskiya ba ne. Jijiyar gani daban, ta haƙori daban. Abin da ke barazana ga ido shi ne mugunyar haƙorin sama da aka bari ta haura fuska.

Ana cewa zafin cirewa ba ya jurewa. A asibiti ana yin allurar da ke kashe wurin kafin a taɓa. Mutum zai ji ana turawa, amma ba zafin da yake tsoro ba. Kuma ba kowane haƙori ake cirewa ba. Wanda ya zo da wuri, sau da yawa ciko ake yi masa ya koma da abinsa.

Ana cewa mai ciki ba a taɓa mata haƙori. Ana taɓawa, kuma allurar kashe zafi ba ta cutar da abin da ke cikinta. Ciki kan sa dasashi kumburi da jini, don haka ita ce ma ta fi bukatar a duba ta. Sharaɗi ɗaya ne: ta faɗi cewa tana da ciki da watanninsa, domin akwai magungunan zafi da ba a ba mai ciki. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai sikila, da wanda jininsa ba ya saurin tsayawa, su ma su faɗa tun kafin a fara.

Wanda aka cire wa haƙori ya cije audugar da aka sa masa kamar rabin awa. Kada ya kurkure baki ko ya yi ta tofar da yawu a ranar, kada ya sha taba, kada ya sa yatsa a ramin. Daga washegari ya riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Idan jini ya ƙi tsayawa, ko zafi ya ƙaru bayan kwana biyu ko uku, ya koma.

Abu na biyar: maganin gida da na kasuwa

Ruwan gishiri mai ɗumi da kanumfari suna rage zafi na ɗan lokaci, kuma ba su da laifi kafin a isa asibiti. Amma ba sa cike kogo. Akwai kuma abubuwan da ke ƙara ɓarna:

Ruwan batir, fetur, kananzir, ko garin taba a cikin kogo. Suna ƙona nama, wasunsu guba ne.
Danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi. Tana ƙona shi ta bar gyambo. Kuma ba a ba yara asfirin.
Kafso na masu talla a kan faranti. Rana ta dake shi, ba a san ingancinsa ba, kuma shan guda biyu a bari yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.
Tiramol. Yana rufe zafi, cutar na ci gaba, mutum kuma ya kamu da shansa.
Mai cire haƙori a kasuwa. Ƙarfen da ya shiga bakin wani ba a dafa shi ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau. Saiwa kuma kan karye ta zauna a ciki.

Akwai wata al'ada da ta fi waɗannan haɗari ga jarirai, wato ɗora wa haƙori laifin kowane ciwo. Yaro na zawo da amai, jikinsa ya yi zafi rau, sai a ce haƙori ne, a zauna. Fitar haƙori na sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ɗan rigima. Ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko zawo mai yawa. A wannan bakin gulbi, inda sauro ya yi yawa, zazzaɓin yaro na bukatar gwajin jini a ranar. Mai zawo kuma a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti, a ci gaba da nono, a kai shi. Kada a bari a tsaga wa jariri dasashi ko a ƙwaƙule masa wani abu a baki.

Abu na shida: baƙunta

Baƙo bai san ƙofa ba. Ma'aikata na aiki da Faransanci, mutanen gari da yawa Dandanci suke yi, ga kunya, ga tsoron a tambayi takarda. Wata matar kuma sai ta jira izinin maigida, shi kuwa ya yi tafiya.

Hausa na da masu jinta da yawa a wannan yanki, don haka a nemi tafinta ba tare da jin nauyi ba, ko a tafi da maƙwabci. A riƙe kowace takarda da ake da ita, ta rajista ko katin asibiti ko na rigakafi. Wanda ba shi da ko ɗaya, kada hakan ya zaunar da shi a gida da ciwo: ya je, ya kuma sanar da ma'aikatan da ke kula da masu hijira. Magidanta kuma, ku bar izini a buɗe tun yanzu, cewa idan larura ta taso a kai yaro ko uwa asibiti ko ba kwa nan.

Kafin a shiga, a shirya amsar tambayoyi huɗu: Yaushe ciwon ya fara? Wane haƙori ne? Me aka sha ko aka sa? Akwai ciki ko wani ciwo na daban?

Alamomin da ba a kwana da su

A tafi asibiti a ranar, ko da dare ne, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Kumburi ya kai ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya.
Baki ya ƙi buɗuwa sosai.
Haɗiyar yawu ko numfashi ya yi wuya.
Zazzaɓi tare da kumburin fuska.
Yaro mai warin baki mai ƙarfi, da gyambo ko jini a dasashi, da kumburin kumatu.

Gyambon baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, musamman ga mai shan taba ko mai sa ta a baki, shi ma a kai a duba.

Cutar zaizayar baki

Alama ta biyar a sama tana bukatar ƙarin bayani. Cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma, ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Halin gudun hijira, inda abinci ke ƙaranci, yana buɗe mata ƙofa.

Tana farawa da ciwon dasashi: ja, jini, ɗan gyambo, wari, dalala, yaro ya ƙi abinci. Sai kumatu ko leɓe ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki wurin ya yi baƙi, nama ya mutu, rami ya ɓulle a fuska. Idan ba a yi magani ba, tana iya kashe har 9 cikin yara 10 da ta kama. Amma idan aka zo tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita, kuma cibiyar lafiya na iya fara wannan.

Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Kada a ɓoye yaro. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. A Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka buɗe a 1999, inda ake yi wa waɗanda suka rayu aikin gyaran fuska. Sai dai wannan aiki ne mai tsawo da wahala. Abin da ya fi shi sauƙi shi ne uwa ta ɗaga leɓen ɗanta a cikin haske sau ɗaya a mako, ta duba dasashi. Idan yaron ba shi da lafiya, ta duba kullum.

Abin da kowane gida zai iya yi

1. A goge baki sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci. Na dare ya fi muhimmanci, domin yawu na raguwa cikin barci.
2. A nemi man goge baki mai sinadarin fuloraid, wanda ke ƙarfafa bayan haƙori. A jikin kwalin za a ga an rubuta Fluor ko Fluoride, da lamba tsakanin 1000 da 1500. Ɗan ƙasa da shekara 3 a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, ɗan 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. A tofar, kada a kurkure da ruwa.
3. Asuwaki na da kyau idan bakinsa ya yi laushi kuma aka bi kowane haƙori, ciki da waje har turame. Kowa da nasa. Gawayi da toka da yashi suna kankare haƙori.
4. Uwa ko uba su goge wa yaro da hannunsu tun daga haƙorin farko, su ci gaba da sa ido har ya kai shekara 7 ko 8.
5. A rage sukari. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce babba kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, rabin haka ya fi. Kwalbar lemo ɗaya na ɗauke da cokali 7 ko fiye. Yawan maimaitawa ya fi ɓarna: alewa da shayi mai zaƙi tun safe har dare ba sa barin haƙori ya huta.
6. Nono zalla har wata 6. Kada a kwantar da jariri da bulumboti mai zaƙi a baki.
7. Yaron da ake ba abincin tamowa na leda ya cinye rabonsa duka, domin magani ne. A ba shi ruwa mai tsabta bayansa, a goge masa baki da dare.
8. A cika rigakafin yara, musamman na ƙyanda.

Tambayoyin bita

A tattauna waɗannan a gida, ko a taron mata, ko a majalisa:

1. Idan zafin haƙori ya ɗauke da kansa bayan kwanaki, me ke iya zama dalili?
2. Wane haƙori ne ke fitowa wajen shekara 6 wanda ba a sake shi?
3. Jariri na zawo da zazzaɓi, kakarsa ta ce haƙori ne. Me za ku yi, kuma yaya za ku yi mata bayani cikin ladabi?
4. Ku faɗi alamomi biyar da ba a kwana da su.
5. Cikin abubuwa shida da aka lissafa, wanne ya fi hana mutanen gidanku zuwa asibiti? Wa zai iya taimaka muku a kai?

Aikin wannan mako: kowane uba da kowace uwa su duba bakin 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka. Wanda aka ga kogo, ko jini, ko gyambo a bakinsa, a kai shi cibiyar lafiya kafin mako ya zagayo. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.